Tarihin Rayuwar Wata Uwar 'Ya'ya Uku, Kashi na 6: Kalandar Bayan Ƙofa

Ci gaba daga makon jiya.

Mun tsaya ne a daren da maigidanta ya fasa mata leɓe a gaban babbar 'yarsu. Da gari ya waye ta tafi asibiti, ta ce wa ma'aikaciyar jinya ƙofa ce ta buge ta. Shekararta tara ke nan a gidan, huɗu daga ciki tun da ya fara haɗa giya da tiramol.

Ma'aikaciyar ta ɗinke wurin ba tare da ta musa mata ba. Da ta gama sai ta ce wa wadda ta rako ta ta jira a waje, ta rufe ƙofa, ta zauna. Ta ce, "'Yar'uwa, ba zan matsa miki ki faɗi komai ba. Abu ɗaya nake roƙonki. Duk ranar da ƙofar nan ta sake buge ki, ki yi ɗigo a kalanda. Ki kuma lura da abin da ya sha a ranar, da wanda ya sha a jajibirinta."

Fitar da 'yar rakiyar nan shi ne rabin aikin. Macen da ake duka ba ta buɗe baki a gaban miji ko danginsa, wani lokacin ma ko a gaban nata dangin. Wanda ya tambaye ta a bainar jama'a ya tilasta mata yin ƙarya, kuma ƙaryar farko ita ke rufe ƙofar faɗin gaskiya daga baya.

Wata biyar tana ɗigo da fensir a kalandar da ke rataye bayan ƙofar ɗakin yara. Ɗigo goma sha huɗu ta tara. Da ta zauna ta dube su, sai ta ga abin da shekaru huɗu na kuka ba su nuna mata ba: dukan da take ɗauka yana faɗo mata ne kamar saukar aradu, ashe yana da ranakunsa.

Shida daga ciki sun faɗo a darare biyu na farko bayan an biya albashi, lokacin da yake dawowa ya yi tatul. Giya tana ƙuntata tunani. Mashayi yana ganin abin da ke gabansa kawai, kallon da aka yi masa ko kalmar da ta fito, amma abin da zai biyo baya ya ɓace masa. Sannan hanta ba ta gaggawa. Abin da take iya tacewa a awa ɗaya bai wuce kimanin ƙaramin kofi ɗaya na giya ba, kuma wanka da ruwan sanyi ko watsa masa ruwa a fuska ba sa ƙara mata sauri. Mutumin da ya shigo da ƙarfe sha ɗaya na dare bayan kwalba biyar ko shida, yana cikin maye har kusan wayewar gari. Duk maganar kuɗin makaranta ko ta inda ya kwana jiya da aka tayar a wannan tsakanin, da giyar ake yin ta.

Biyar kuma sun faɗo da safe, a ranakun da ƙwayar ta ƙare masa. Wannan ne mutane da yawa ba su sani ba. Tiramol maganin ciwo ne mai dangantaka da kodin, kuma iyakar abin da likita ke bai wa babba a yini shi ne miligiram 400. Wadda ake sayarwa a ɓoye takan kai 225 a ƙwaya ɗaya, biyu kawai sun haura iyaka, shi ya sa masu shanta kan faɗi suna jijjiga kamar masu farfaɗiya. Haɗa ta da giya kuma yana iya tsayar da numfashi. Jikin da ya saba da ita, idan ta sake shi, kafin kwana ɗaya ya cika sai gumi, hamma, majina, murɗawar ciki, ciwon gaɓoɓi, rashin barci da wata irin ƙuna a zuciya. A wannan halin kuɗi yake nema ido rufe, kuma ya san inda take ajiye na cefane. Safiyar da ya tashi idonsa biyu, bakinsa ba warin komai, ta fi mata haɗari a kan wasu dararen da ya shigo yana tangaɗi.

Sauran ukun fa? Ranakun da bai sha komai ba ne, ƙwayar ma tana aljihunsa. Ɗaya don ta daɗe a waya da yayarta, ɗaya don ta gaisa da maƙwabci, ɗayan ita kanta ba ta san dalili ba. Waɗannan ukun su ya kamata duk mai cewa "ai ƙwaya ce ke sa shi" ya tsaya ya duba. A duk shekarun nan bai taɓa ɗaga wa shugabansa na wurin aiki hannu ba, bai taɓa marin abokin shansa ba. Bayan ɗinkin leɓen ma ya daina taɓa fuska, ya koma haƙarƙari da cinya, inda tufafi ke rufewa. Wanda ke zaɓen wanda zai buga da inda zai buga, hankalinsa bai gushe gaba ɗaya ba.

Ƙididdigar ƙasashe ma haka take nunawa idan aka karanta ta da natsuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a alƙalumanta na 2018, ta ƙiyasta cewa kashi 27 cikin ɗari na matan da suka taɓa zama da namiji, 'yan shekara 15 zuwa 49, sun fuskanci duka ko tilasta kwanciya daga gare shi. A Amurka, alƙaluman ma'aikatar shari'a sun nuna cin zarafin abokin zama ya ragu da kashi 64 cikin ɗari daga 1994 zuwa 2010, daga 9.8 a cikin kowane mutum dubu zuwa 3.6. Shan giya bai ragu a ƙasar ba a waɗannan shekarun. Abin da ya faru shi ne an yi dokar kare mata a 1994, aka zuba kuɗi a gidajen mafaka da horar da 'yan sanda, aka buɗe layin waya na ƙasa na neman agaji a 1996, kuma laifukan tashin hankali gaba ɗaya suka yi ƙasa a lokacin.

A Najeriya alƙaluman ba su tafi a miƙe ba. Babban binciken lafiya da yawan jama'a ya samu kashi 31 cikin ɗari na matan da suka taɓa aure suna ba da labarin duka, cin mutunci ko tilasci daga miji a 2008, ya sauka zuwa 25 a 2013, ya haura zuwa 36 a 2018. Irin wannan lissafi yana auna abu biyu a haɗe, yawan dukan da kuma yawan matan da suka yarda su faɗa wa baƙuwa. Matar da muke ba da tarihinta, da mai binciken ta same ta kafin ranar asibitin nan, "lafiya lau" za a rubuta. Binciken ya nuna matan da mazansu ke yawan buguwa sun fi shan wuya nesa ba kusa ba, amma a kan giya kawai yake tambaya. Alhali binciken shaye-shaye na 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu amfani da miyagun ƙwayoyi a ƙasar, miliyan 4.6 daga ciki masu shan irin su tiramol da kodin. Ɗigo biyar ɗin nan na safiya ba su da gurbi a takardar tambayoyin.

Da ta gane ranakun, sai ta fara shiri a kansu. Daren albashi yara suna kwana wurin yayarta. Idan murya ta fara tashi ba ta gudu kicin, inda wuƙa da ruwan zafi suke, ba ta shiga banɗaki mai ƙofa ɗaya, tana matsawa kusa da ƙofar fita. Ta yi yarjejeniya da maƙwabciyarta a kan bugun bango sau uku. Takardun haihuwar yara, katin shaidarta, katin asibiti da ɗan abin da ta tara, ta kai su gidan Yaya kaɗan-kaɗan. Kowane rauni tana ɗaukar hotonsa ta tura, sannan ta goge daga wayarta.

Akwai kuskure ɗaya da ta yi, wanda mata da yawa ke yi da kyakkyawar niyya. Ta samu ƙwayoyinsa a cikin takalmi, ta zuba su a masai. Wannan ba ya raba mutum da ƙwaya, yana jawo safiyar rashin ƙwaya ne kawai, kuma ya san wa ya jawo ta. Giya ma wanda ya daɗe yana shanta kullum, yanke ta lokaci ɗaya ba tare da likita ba yana iya kawo jijjiga da ruɗewa cikin kwana biyu zuwa uku, har ya kai ga mutuwa. Raba shi da shaye-shaye aikin asibiti ne, kuma ko ya warke sai an tunkari ɗigo ukun nan daban.

A safiyar da ya nemi ƙwayar ya rasa, bai buge ta ba. Ya manna ta da bango ya shaƙe mata wuya har ta ga duhu, sannan ya sake ta ya fita. Babu jini, babu kumburi a fili, don haka ta ɗauka wannan karon ta sha da sauƙi. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2008 ya gano cewa macen da abokin zamanta ya taɓa shaƙe ta, haɗarin ya kashe ta ya ninka fiye da sau bakwai. Ingila da Wales sun mayar da shaƙewa laifi mai zaman kansa a 2022 saboda sau da yawa ba ta barin tabo. Dusashewar murya, wahalar haɗiya, jajayen ɗigo a farin ido ko sakin fitsari a lokacin, duk alamu ne na a tafi asibiti a ranar, domin maƙogwaro yana iya kumbura daga ciki bayan awanni.

Da yamma ta kira yayarta don ta ce yara za su zo. Kalma biyu kawai ta furta, Yaya ta katse ta.

"Me ya samu muryarki?"

"Mura ce, Yaya."

"Ki sa mayafinki, ki ɗauko kalandar nan. Kada ki ce masa komai, kada ki haɗa kaya ya gani. Ga ni nan zuwa."

Tana ciro kalandar daga ƙusa ta ji ƙarar makullinsa a ƙofar waje.

Za mu ci gaba mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.