Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Dutsen da Ba a Dasa wa Ƙusa

Makon jiya na bar ku a Horseshoe Quarry, tsohon wurin fasa dutse kusa da ƙauyen Stoney Middleton a Ingila, inda na fara hawan dutse a waje bayan na saba da katangar koyon hawa ta cikin gida a Sheffield. A can komai a shirye yake. An riga an huda dutsen an dasa ƙusoshin ƙarfe, kai dai ka hau, ka maƙala ƙugiya, ka zura igiya, ka yi gaba. In ka suɓuto, ƙusa ta tare ka.

Wani dattijo a ƙungiyarmu, tsohon ma'aikacin masana'antar ƙarfe, shi ya ce in bi shi Stanage. Baba nake ce masa, shi ma ya karɓi sunan hannu bibbiyu. Stanage doguwar katangar dutse ce a saman ƙauyen Hathersage, ta miƙe kusan kilomita 6. Dutsen na yashi ne mai kaushi, cin fatar hannu yake yi. Duk tsawon nan ba ƙusa ko ɗaya. Mahaya ne suka yarda a tsakaninsu tun zamanin iyayensu cewa irin wannan dutse ba a huda shi. Abin da zai tare ka in ka faɗo, kai za ka ɗauko a ƙugunka, ka cusa a tsaga da hannunka, na bayanka ya zare.

Baba ya zazzage jakarsa a kan ciyawa. Akwai ƙananan ƙarafa masu faɗi a sama, tsukakku a ƙasa, kowanne da wayarsa. Noti ake ce musu, kuma da can notin inji ne na gaske: a shekarun 1950 zuwa 1960 mahaya a Wales suna tsintar su a bakin layin dogo, su goge zaren cikin, su zura igiya. Kafin nan duwatsun rafi suke zubawa a aljihu. Sai kuma wani ƙarfe da ake ce wa kam, mai kunnuwa huɗu da kunama, ka ja ya tsuke, ka saki ya buɗe ya ciji bangon tsaga. Ray Jardine ɗan Amurka ne ya ƙirƙiro shi, kamfanin Wild Country na yankin nan ya fara sayar da shi a 1978 da sunan Friend. Baba ya nuna mini wata hanya, Right Unconquerable, ya ce Joe Brown, mai gyaran famfo daga Manchester, ya hau ta a 1949 ba tare da ko ɗaya daga cikin kayan nan ba. Na daɗe ina kallon ta.

Bai bar ni na shiga gaba ba. Lokacin zafin nan kaf a bayansa na yi shi, kamar yaron maƙera da ake fara ba wa zuga kafin a miƙa masa guduma. Shi ya hau ya sa kaya, ni in bi in zare. In na iso wurin noti sai in ji muryarsa daga sama: "Yaro, kada ka taɓa tukuna. Duba yadda ya zauna." Sai in leƙa. Tsagar ta buɗe a sama ta matse a ƙasa, ya zura notin ta inda ta buɗe, ya jawo shi har gefensa biyu suka kwanta a jikin dutse, ba a kan ɗan tsini ba. Wayar tana kallon ƙasa, inda nauyina zai ja. Wani lokaci sai na ƙwanƙwasa shi daga ƙasa da ɗan ƙarfen zarewa kafin ya motsa. Kam kuwa, in an matse shi da yawa ya maƙale ke nan, in an bar shi a wangale ya fito, kuma motsin igiya kan sa ya yi ta tafiya ciki.

Mutane kan ce wannan hawa na masu ƙarfin hali ne. Ban yarda ba. Waɗanda na ga sun daɗe a cikinsa masu haƙuri ne, masu kallon dutse da kyau.

Ranar da ya ce in shiga gaba, hanya mai sauƙi ya zaɓa, wadda a Horseshoe da gudu zan haye. Amma tsayawa da hannu ɗaya a dutse, ɗayan yana laluben notin da ya dace, damtse yana ƙuna, wani abu ne dabam. Na gwada ɗaya ya yi ƙarami, na gwada na gaba ya zauna daram. Na fizge shi, na maƙala igiya, na ce bismillah na wuce shi. A saman ma ba sarƙa ko zobe. Na zagaya wani ƙaton dutse da igiya, na ƙara da noti a tsaga, na zauna a baki na kira shi.

Da ya iso, ya miƙo mini kayan ɗaya bayan ɗaya, yana faɗin yadda ya sami kowanne. Sannan ya kama hannuna ya juya bayansa, ya ce fatar ta yi laushi, Asabar mai zuwa zai koya mini cusa hannu cikin tsaga.

Daga nan za mu tashi mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.