Ƙwaya goma-goma muka raba, har yau abin na ci mani rai

Duk sanda na ga an sa hoton duba marasa lafiya kyauta a Facebook, ga rumfa ga layin mutane ga manya na gaisawa, ni ba fuskoki nake kallo ba, bayan teburi nake leƙawa in ga kwalin magani nawa ne, kuma na kwana nawa za a ba kowa. Saboda mu ma mun yi irin wannan bara a wani gari cikin ƙasar Daura, can ta hanyar Zango, kuma abin da ya biyo baya har yanzu bai sake ni ba.

Mu likitocin iyali a wannan yankin 'yan tsiraru ne, muna da guruf ɗinmu na WhatsApp wanda asalinsa na rufa ma juna asiri ne. Wani ya turo hoton ECG, wato awon bugun zuciya, ƙarfe biyun dare yace ku taya ni dubawa, wani na neman wanda zai riƙe mashi aiki matarsa ta haihu, masu shirin jarabawar ƙwarewa na roƙon tsofaffin tambayoyi, sai kuma labarin wane ya tattara ya tafi Saudiyya, wanda shi kam ya zama kusan na kullum. To a nan wani ya kawo shawara, tunda 19 ga Mayu ce ranar likitocin iyali ta duniya wadda ƙungiyar likitocin iyali ta duniya, WONCA, ta ware tun 2010, ga kuma ranar hawan jini 17 ga Mayu kusa da ita, me zai hana mu haɗa su mu fita ƙauye maimakon zaman lacca a ɗakin taro ana raba ruwan roba. Ba da sunan ƙungiyar likitocin iyali ta Najeriya, SOFPON, mukai ba, mu ne kawai, karo-karo mukai na mai da ruwan sha da tsinken awon suga.

Zuwa wajen hakimi da dagaci da sanarwar liman ranar Juma'a duk sun tafi lafiya lau, ba sai na tsaya a kansu ba. Matsalar magani ce.

Akwai wani mai hali ɗan yankin, yana zaune Abuja, kuma kowa ya san yana hangen kujera. Shi ya aiko da kansa yace ya ɗauki nauyin magani gaba ɗaya. Muka rubuta mashi abin da muke so baƙi da fari, amlodipine da metformin na wata uku ga duk wanda muka samu da hawan jini ko suga, don dama su muka je nema. Yace an gama. Safiyar ranar mota ta iso, masu kyamara suka fara dirowa, sai huluna da riguna masu hotonsa, sannan kwalaye. Mai harhaɗa maganinmu ta buɗe na farko paracetamol, na biyu maganin ƙarin jini, na uku maganin tsutsar ciki, haka har ƙasa, amlodipine ɗin ɗan kaɗan ne a kusurwa, metformin kuwa ko ƙwaya ɗaya babu. Na ja yaron mai halin gefe nace Malam ina abin da muka rubuta? Yana murmushi yace, likita ai magani magani ne, Alhaji yace wannan ya fi auki, kowa zai koma gida da leda. Wallahi wannan kalma ta auki har gobe in na tuna sai na ji ƙirjina ya yi zafi.

Lokacin mutane sun riga sun cika filin makaranta, wasu tun asuba suka taho a kan mashin da amalanke, zafin Mayu kuwa kun san yadda yake a Daura, sama da digiri 40. Aka yi lissafi, ko dai a ba mutane kaɗan na wata uku sauran su tafi hannu rabbana, ko a raba ma kowa kati ɗaya mai ƙwaya goma a haɗa mashi da takarda ya je asibitin garin ya ci gaba da karɓa. Aka zaɓi na biyu. Kowa mun yi mashi bayani, ni da bakina sai da muryata ta dishe ina cewa in ya ƙare a je a karɓo wani, kada a tsaya.

Amma ku duba yadda mutumin ƙauye ya san magani. Zazzaɓin cizon sauro, babba ya sha ƙwaya huɗu safe huɗu dare kwana uku, ƙwaya 24 kenan, ya warke. Taifot a ba shi na sati ɗaya ko biyu, ya shanye ya miƙe. Duk rayuwarsa likita in ya ƙirga ma ƙwaya, to iyakar ciwon kenan. Mu kuma muka ƙirga mashi goma. Duk bayanin da mukai da baki cikin hayaniya da zafi, katin da ke hannunsa ya fi mu murya.

Akwai wani dattijo, dillalin shanu ne yana cin kasuwar Mai'adua. Ni na auna mashi hawan jini, 200 bisa 118, na sa ya zauna a inuwa ya huta na sake aunawa bai sauka a zo a gani ba. Yace shi dai ƙeyarsa ce ke ɗan riƙewa in ya sha rana. Nace Baba wannan ba na wasa ba ne, na rubuta mashi takardar zuwa babban asibiti cikin satin, yace in sha Allahu ɗana. Bayan Babbar Sallah, damina ta kankama, ina bakin aiki aka shigo da shi a kan tabarma mutum huɗu sun riƙo, ɓarin dama ya shanye, baki ya karkace, yawu na zuba yana son magana ba hali. Ban gane shi ba sai da ɗansa ya cire mashi hula ya zaro takarda daga cikin naɗinta, rubutuna ne, an ninke ta huɗu ta sha gumi, ga katin amlodipine a ciki duk ramukan goma a fashe. Yaron ya miƙo mani yace, likita ai bai yi wasa ba, tas ya shanye ko ɗaya bai bari ba, ciwon kan ma ya daina shi ya sa bai zo ba.

Me zan ce mashi? A iya saninsu sun bi doka.

Ba zan ce ƙwaya goma ce ta jawo mashi shanyewar jiki ba, jinin da ya kai haka ya daɗe yana cin jijiya. Amma na san da na wata uku ne a aljihunsa, da yana cikin sha har wannan lokacin, kuma da ya gane cewa abin ba na kwana goma ba ne. Su Alhaji kuwa tuni bidiyonsu ya zagaya, har da waƙa.

Daren nan na zuba abin a guruf, rai a ɓace. A nan na ƙara sanin amfanin abokan aiki, don babu wanda ya tsaya wa'azi. Babbar yayarmu a aikin, wadda ta koyar da yawancinmu, ta kira ni tace ƙanena ɓacin rai ya isa haka, sunayen da kuka rubuta ranar suna ina? Nace suna cikin littafi a motata. Tace to Asabar mu koma garin.

Abin da muka tarar ya ƙara mani takaici. Mai kula da asibitin garin, bawan Allah mai ƙoƙari, yace waɗanda suka zo da takardarmu ba su taka kara sun karya ba, kuma su ma ɗin da suka zo ba shi da amlodipine a kanta sai dai ya rubuta masu su je kemis. Abin awon jininsa ɗaya ne, robar ta tsage an ɗaure ta da filasta. Ga damina, duk kuɗin da ke hannun magidanci na taki ne, wa zai ɗauki kuɗin mashin ya je Daura sayen maganin ciwon da ba ya jin zafinsa? Dama Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana cewa kusan rabin masu hawan jini ba su ma san suna da shi ba. Mu mun sanar da su, muka bar su nan.

Daga nan aikin ya koma na bin ƙafa da kai koke, wanda ba a koya mana a makaranta ba. Ba gini muka je roƙo ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta riga ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don kula da lafiya a matakin farko, da nufin kowace mazaɓa ta samu asibiti ɗaya mai aiki, Katsina kuwa mazaɓa 361 gare ta a ƙananan hukumomi 34. Dokar inshorar lafiya da Buhari ya sa ma hannu a 2022 ta wajabta inshorar ga kowa, jiha ma tana da tsarinta na taimakekeniya. Tsarin sauke wasu ayyukan likita ga ma'aikatan lafiya na ƙananan asibitoci shi ma tun 2014 yake, kuma maƙwabciyarmu Kano da kuma jihar Ogun sun fara gwada kula da hawan jini a irin waɗannan asibitoci tun 2020 da ƙa'ida mai sauƙi, a fara da amlodipine 5mg sau ɗaya a rana, in bai sauka ba a ƙara mataki. Wato duk abin yana nan a takarda. Mu dai cewa mukai a sa maganin a kanta, a sayi abin awo.

Ofisoshi mun sha zaman benci, mun sha ku dawo sati mai zuwa. Inda abin ya motsa ban taɓa zato ba, wajen kwamitin ci gaban mazaɓa ne da liman. Da suka ji labarin dattijon nan, wanda duk sun san shi, 'yan kasuwar garin suka haɗa jari, mu muka ƙara da namu, ake saro maganin mai lambar NAFDAC da yawa daga dillali amintacce a sayar a kan kuɗin sari, kuɗin ya koma a sake sarowa. Ma'ajin kwamiti ke riƙe da littafi. Mu kuma muka raba ma junanmu, kowane wata likita ɗaya zai je ranar kasuwar garin ya zauna da mai kula da asibitin su duba masu wuyar sha'ani, wanda aiki ya riƙe wani ya canje shi. Wannan ɓangaren kam ina alfahari da shi, ba na ɓoyewa.

Kuma shi mai kula da asibitin ne ya samo bayanin da ya fi duk namu shiga. Ce masu yake hawan jini doki ne mai zafin kai, maganin nan linzami ne, muddin kana riƙe kai ke da iko, ranar da ka saki zai zabura da kai. A ƙasar da yaro ke tashi yana kallon hawan sallah, ba sai an maimaita ba.

In za ku fita irin wannan aikin, don Allah kada ku yarda da alkawarin magani sai kun gan shi da idonku a sito kwanaki kafin ranar, ku ƙirga, ku duba ranar lalacewarsa. In bai iso ba ku ɗage, kunyar ɗagewa ba ta kai ganin mutum a kan tabarma ba. Kuma ba duk wanda na'ura ta nuna 140 bisa 90 za a ɗora ma magani nan take ba, mutumin da ya tako daga nesa cikin rana ya sha layi sai ya zauna kamar minti biyar, ya jingina bayansa, hannu daidai ƙirji, kuma ƙa'ida a sake aunawa wata rana daban kafin a ce yana da shi, sai dai in ya yi mugun hawa irin na Baba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka yini ɗaya ba ya isa. Tsinken awon suga kuma ba ya son zafi, a kula muka zuba namu, in ka bar shi kan teburi cikin rana sai ya rinƙa ba ka lambar ƙarya.

Ku tambayi abin da suke sha na gajiya, don manoma da yawa kullum sai sun haɗiyi diclofenac ko ibuprofen daga kemis ko wajen mai talla, kuma suna ɗaga jini suna cin ƙoda. Mace kuma a tambaye ta ko tana da juna biyu kafin a ba ta maganin hawan jini irin su lisinopril ko losartan. Ku faɗa masu tun farko amlodipine kan sa ƙafa ta ɗan kumbura, in ba haka ba ranar da ya ga idon sawunsa ya tashi zai yar da shi ya ce sammu ne ko ciwon ƙoda. Maganar gishiri kuwa, kada ya wuce giram 5 a yini, ba da maigida ake yinta ba, da mai girki ake yi, kuma a ambaci dunƙulen miya da sunansa don yawanci ba sa lissafa shi cikin gishiri. A nan har yanzu muna baya, matan da ke cikin kulle ba su fito filin makaranta ba, ba su kuma cika zuwa ranar kasuwa ba, sai abokan aikinmu mata sun shiga gida-gida kuma su biyu ne kacal.

Baba yana nan da rai, yana jan ƙafa da sanda, magana ta ɗan dawo, kasuwar Mai'adua kuwa ɗansa ke zuwa yanzu. Sunansa ne na farko a rajistar asibitin.

Kwanan baya yaron Alhaji ya sake kirana, wai bana yaushe ne za a fita, Alhaji na son ya fi na bara. Nace Malam ka gaishe shi, ka ce bana ba rumfa, in yana son lada ya zuba amlodipine da metformin na wata shida a siton asibitin garin, ma'ajin kwamiti ya sa hannu ya karɓa, ya haɗa da abin awon jini guda biyu, ɗaya mai babbar roba saboda masu ƙiba. Yace zai isar da saƙo, ya kuma tambaya ko za a bar masu kyamara su shiga siton.