Gardamata da ƙanina a kan tsofaffin faifan gem

Asabar ɗin da ta wuce na zuba faifan gem ɗina na PlayStation 4 (PS4) guda goma sha ɗaya a leda na nufi gidan ƙanina. Ya sayi PS5 ta hannu, sabuwar na'urar gem ta kamfanin Sony, mai cin faifai har da na PS4, kuma tun ranar da ta iso ya hana wayata sakat, sai na zo na gani da idona. Muka fara da God of War na 2018. Na gama wannan gem sau biyu a tawa na'urar, fanka tana kuka kamar injin markaɗe, amma a nan ko tari na'urar ba ta yi ba. Hoto 60 a daƙiƙa maimakon 30 da na saba da shi, gatarin Kratos, jarumin gem ɗin, yana tafiya yana dawowa sumul. Kuma ko sisi ba mu biya ba, domin tun 2021 kamfanin ya saki gyaran kyauta.

Ƙanina ya ajiye hannun gem ɗin ya dube ni. "Yaya, ai shi ke nan. Kasuwar masu rimasta ta mutu. Wa zai sake sayen abin da yake da shi?"

Na ce masa bai san 'yan kasuwa ba. Muka yi ta yi har aka kira magariba, kuma tun daga ranar maganar take yi mini yawo a kai.

Ga wanda ba ɗan gem ba: rimasta ita ce a ɗauko tsohon gem a yi masa kwaskwarima, a ƙara wa hoton kyau, a gyara 'yan kurakurai, a sake sayar da shi. Kamar mai gidan haya ne ya yi fenti, ya sa tayil, ya ƙara kuɗin haya. Akwai kuma wanda ake rushe gidan gaba ɗaya a sake gini a kan tsohon fili, irin abin da Capcom ta yi wa Resident Evil 4 na 2005 a 2023. Wannan na biyun ko ƙanina bai ce zai mutu ba. A kan fenti muke gardama.

Dole in ba shi gaskiyarsa, tarihi yana bayansa. PS2 da ta fito a 2000 tana cin faifan PS1, kuma a zamaninta ba a cika jin zancen kwaskwarima ba. PS3 na farko-farko, na 2006, sai da Sony ta dasa musu kayan cikin PS2 don su ci tsofaffin faifai. Na'urar ta yi tsada, aka cire kayan don a rage farashi. Ba a daɗe ba, a 2009, sai ga God of War Collection, wato gem biyu na PS2 an wanke su an zuba a faifai ɗaya. Da PS4 ta zo a 2013 ba ta san faifan PS3 ba sam, saboda ƙwaƙwalwar PS3, wadda ake kira Cell, ginin ta daban ne da na kowa. Nan fa aka buɗe famfo: The Last of Us a 2014, shekara ɗaya tak bayan fitowarsa, GTA V a 2014, God of War III a 2015, Uncharted guda uku a 2015. Nintendo ma haka. Na'urarsu Switch ba ta cin faifan Wii U da ta gabace ta, sai suka kwashe wasannin Wii U ɗaya bayan ɗaya suka mayar can. Mario Kart 8 Deluxe, wanda asalinsa gem ɗin 2014 ne, ya sayar da sama da kwafi miliyan 60 a Switch, alhali ita kanta Wii U ba ta kai miliyan 14 ba.

Duk lokacin da aka rufe ƙofa, sai masu kwaskwarima su kafa rumfa a bakinta. Lissafin ƙanina shi ne yanzu ƙofar a buɗe take. PS4 da PS5 duk ƙwaƙwalwar kamfanin AMD ce a cikinsu, dangi ɗaya da ta kwamfuta, Xbox ta Microsoft ma haka, Switch 2 da ta fito a watan Yunin 2025 tana karɓar yawancin wasannin Switch. Wa zai tsaya a rumfa?

Amsar da na ba shi tana cikin ledar da na zo da ita. Na zaro Horizon Zero Dawn na 2017 na nuna masa. Wannan faifan yana aiki a PS5, an ma yi masa gyaran hoto 60 kyauta a 2021. Duk da haka a watan Oktoban 2024 Sony ta fito da rimastansa. The Last of Us Part II ya fito a 2020, yana aiki lafiya lau a PS5, a Janairun 2024 aka yi masa kwaskwarima. Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne Oblivion, gem ɗin 2006. Tun zamanin Xbox One mai tsohon faifansa na Xbox 360 yake iya sawa ya buga. Ƙofa a wangame sama da shekara takwas. A watan Afrilun 2025 aka saki sabuntaccensa, cikin 'yan kwanaki kamfanin Bethesda ya ce mutum miliyan 4 sun buga. Ina mutanen nan suke duk shekarun da tsohon yake zaune yana jiransu?

Ba su da faifan ne, wasunsu ma ba a haife su ba lokacin. Nan ne nake ganin ƙanina ya yi kuskure. Yana ɗauka don ni da shi ake yin rimasta, mu da muka buga na asali. Ɗan shekara sha bakwai ake nema, wanda ya ga fim ɗin The Last of Us da HBO ta fara nunawa a 2023 ya ce bari ya ga inda labarin ya samo asali. Wannan yaron ba zai je neman faifan da ya girme shi ba, kuma in ya ga fuskokin mutanen Oblivion na 2006, masu kama da dankalin da aka zana wa ido, minti biyar ba zai yi ba zai kashe. Tsohon gem yana nan a kanti, amma a can ƙasan shago inda ƙura take. Kwaskwarima ce take ɗauko shi ta dawo da shi gaban shago, a yi masa talla, 'yan YouTube su yi ta surutu a kansa mako biyu.

Sai kuma kuɗi. A 2023, lokacin shari'ar sayen kamfanin gem na Activision da Microsoft ta yi, wasu takardun Sony sun fita ba a goge lambobinsu da kyau ba. A nan duniya ta ga cewa The Last of Us Part II ya ci kusan dala miliyan 220, Horizon Forbidden West kuma dala miliyan 212, kowanne an yi shekaru biyar zuwa shida ana aikinsa. Kamfanin da yake zuba irin wannan dukiya ya jira shekara biyar kafin ya ga ko kwabo, me zai ci a tsakani? Labari yana nan a rubuce, an ɗauki muryoyi, an san mutane suna son abin. A ba wa ƙaramin kamfani kwangilar fenti, a samu abin sayarwa a shekarar da babu sabo. Ko ni ne mai shagon haka zan yi.

Inda na sallama wa ƙanina shi ne farashi. A zamanin PS4, in kana son The Last of Us a sabuwar na'ura, sabon faifai za ka saya, naka na PS3 ya zama abin ɗora kofi. Yanzu rimastan Horizon Zero Dawn da na The Last of Us Part II duk dala 10 ne ga wanda yake da tsohon. Nintendo ma dala 10 ta sa wa ƙarin ingancin Zelda guda biyu a Switch 2. Ba tausayi ne ya kawo haka ba. Kamfani ya san tsohon yana hannunka yana aiki, in ya tsawwala sai ka ce a kai kasuwa. Dubi Red Dead Redemption na 2010. Mai Xbox tun 2016 yake sa tsohon faifansa yana bugawa. Mai PlayStation, da yake faifansa na PS3 ne, sai 2023 ya samu, a kan dala 50, kuma ba wani fenti mai yawa aka yi ba. Gem ɗaya, bambancin kawai wani ƙofarsa a buɗe take, wani a rufe. Don haka cin tsohon faifai ya karya farashin kwaskwarimar ganin dama, wannan kam na yarda.

Amma ita ƙofar ma ba kowa take bari ya wuce ba. Microsoft ce ta fi kowa ƙoƙari a wannan fanni, tun da ta fara a 2015, ɗaruruwan wasannin Xbox 360 da na Xbox ta farko. A watan Nuwamban 2021 ta ƙara guda 76 ta ce daga nan ta tsaya, saboda matsalar lasisi da shari'a da ta fasaha. Gem ba mallakar mutum ɗaya ba ne. Waƙoƙin ciki na wasu ne, motocin na wasu, sunayen 'yan ƙwallo na wasu, kuma kowanne da wa'adinsa. Shi ya sa GTA San Andreas da aka sake sayarwa daga baya babu wasu waƙoƙin rediyon da muka sani a na 2004. Shi ya sa kuma ba na sa ran ganin an sabunta PES 6 da muka ƙarar da kuɗin tara a kansa, da Adriano ɗinsa mai harbi kamar igwa. Wa zai bi 'yan wasa da kulob-kulob na 2006 ɗaya bayan ɗaya yana sabunta yarjejeniya?

San Andreas ɗin nan ma darasi ne ta wani gefen. A 2021, gab da fitowar kwaskwarimar GTA guda uku, an janye tsofaffin daga kantunan intanet. Sabbin suka fito cike da kurakurai, ruwan sama kamar an zuba madara a allo, har sai da Rockstar, kamfanin da yake yin GTA, ta fito ta ba da haƙuri. Abin lura shi ne, ko da na'ura tana iya buga tsohon, mai kaya yana iya ɗauke shi daga kanti ya bar maka sabon kaɗai.

Akwai kuma abin da ban faɗa wa ƙanina a ranar ba, sai da na dawo gida na buɗe kwalin takalmin da nake ajiye tarkacen PS2. Faifai sun fi talatin a ciki. Na asali guda biyu ne. Sauran duk kwafi ne, wasu da alƙalamin maka aka rubuta sunansu, irin waɗanda muke saya a kasuwa mu sa a na'urar da aka yi wa aiki. Haka yawancinmu muka taso, a gidan gem na unguwa, a biya kuɗin minti goma, wanda aka ci ya miƙa hannu ga na bayansa, in an ɗauke wuta kowa ya yi ta ihu kuɗinsa bai ƙare ba. Zamanin PS3 ma a cikin na'urar ake loda mana wasannin, ba mu taɓa riƙe faifansu ba. To wace sabuwar na'ura ce za ta karɓi wannan? Baturen da ya tara faifan asali tun yana yaro shi ne cin tsohon faifai ya yi wa rana. Ni tarihin gem ɗina kafin PS4 ba shi da rasit. PS5 ba ta cin faifan PS2 ko na PS3 ko da na asali ne, kuma hanyar da Sony ta tanada don wasannin PS3, wato a buga su kai tsaye ta intanet, ba ta iso ƙasarmu ba. Ko ta iso, da wace datar? In ina son in sake shiga duniyar God of War III ba tare da na nemo tsohuwar na'ura ba, rimastan 2015 ne kaɗai hanyata. Shi ne ma karo na farko da na biya waɗanda suka yi gem ɗin haƙƙinsu, abin kunya abin dariya.

Su kansu faifan ma kwanansu ake ƙirgawa. Xbox Series S ba ta da wurin sa faifai, akwai PS5 marar shi, PS5 Pro da ta fito a 2024 a kan dala 700 sai ka sayi abin cin faifan daban. Idan na'urorin gaba suka zo haka, abin da za su gane shi ne abin da ka saya da asusunka. Mu da muke buɗe asusu da adireshin Amurka ko na Ingila, muna sayen faifai na hannu muna musanya da abokai, ledata mai faifai goma sha ɗaya ba ta da wurin shiga a nan.

Ranar Litinin da daddare ƙanina ya kira ni. Bayan gaisuwa ya ɗan yi shiru, sai ya ce, "Yaya, katin PlayStation na dala 10 nawa yake kamawa yanzu?" Na ce na me? Ya ce ya ga bidiyon sabon Horizon ɗin ne, an sake ɗaukar motsin fuskokin mutanen in suna magana, ciyayin ma sun fi yawa, yana so ya gwada kawai. Na tuna masa cewa kasuwar ai ta mutu. Ya ce in bar wannan maganar, in duba masa bayan kwalin ko faifan na yankin Amurka ne, don in bai dace da asusunsa ba rangwamen ba zai fito ba. Na duba, ya dace. Sai ya ƙara da cewa ko ya biya, dole faifan ya kasance cikin na'urar duk lokacin da zai buga, saboda haka kada in sa ran ganinsa nan kusa. Da safe ya aiko ɗansa ya karɓa.