Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: "Sanyi ba ya kisa"

Makon jiya na tsaya a inda muka koma Lackawanna, kudu da Buffalo a jihar New York ta Amurka, cikin 'yan Yaman. Na yi niyyar ba ku labarin aikin sito, amma maganar Baffa ta hana ni sakat.

Ku da kuka san Baffa, Allah ya jiƙansa, kun san halinsa da hunturu. Da asubar fari zai tsaya mana a zaure da buta, ruwan randa kamar reza, in ka noƙe ya ce, "Sanyi ba ya kisa, raki ne." Da wannan na girma, da shi kuma na yi wa yarana faɗa shekara da shekaru.

Sai ga Nuwamban 2014. Daren Litinin muka kwanta lafiya. Safiyar Talata na ja ƙofa, na tarar da farar katanga a gabana, har da shatar ƙofar tamu a jikinta. Tafkin Erie ne sila: ruwansa bai daskare ba tukuna, iska mai sanyi ta bi ta kansa ta kwaso danshi, ta zo ta juye mana. Kafin Juma'a dusar ƙanƙara ta kai wajen mita 2 a wasu unguwanni. Abin haushi, mutanen arewacin gari har rana suke gani.

Ta taga na fita da shebur. Maƙwabcina, wani dattijo Bayamane, ya ɗaga min murya, ya ce in rabu da mota, in fara tono bututun da hita ke fitar da hayaƙi, don in ya toshe iyali za su kwanta su ƙi tashi, ba wari ba alama. Ya kuma ce in riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan, zuciya ce ke tsinkewa a wurin kwasa. Ban ji ba. Ɗan Baffa ne ni. Awa 3 na yi na buɗe hanya, da gireda ta samu shigowa, ta mayar min da rabin aikin bakin gida. Nan na zauna a kan ƙanƙarar, ƙirji na suka, gashin hancina ya daskare.

A makon nan ne fa Yaya Habu ya kira. Ba sannu ba jaje, wai ya gani a talabijin muna shan firji kyauta, su kuwa suna gasuwa, in turo kuɗin siminti. Na tura. Har yau in na tuna sai na ji ɗaci, shi kuwa na san ya manta.

Da guguwar Kirsimetin 2022 ta ci sama da mutum 40, wasu a cikin motocinsu, Baffa ya riga ya rasu. Da yana raye ma ba zan iya gaya masa ba. Wa ya isa ya ce wa Baffa sanyi yana kisa? Amma tun ranar sheburin nan, in Hafsat ta ce ruwan alwala ya yi sanyi, ni da kaina nake murɗa mata na zafi.

Labarin sito sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.