Adireshin baƙuwar kwamfuta ne ke nuna inda matsalar intanet take

Duk wanda ya girka Ubuntu ko Windows a cikin VirtualBox, manhajar da ke gudanar da wata kwamfuta (baƙuwa) a cikin kwamfutar gaske, ya ga babbar kwamfutarsa tana shiga intanet amma baƙuwar da ke cikinta ta ƙi shiga, shawarata gare shi ita ce kada ya sauya komai sai ya duba adireshin IP ɗin da baƙuwar ta samu, da umarnin ip addr a Linux ko ipconfig a Windows.

Idan katin sadarwar yana kan NAT, tsarin da baƙuwar ke fita intanet ta hanyar babbar kwamfutar, wanda shi ne VirtualBox ke zaɓa da kansa, adireshin da ya kamata a gani shi ne 10.0.2.15, ƙofar fita kuma 10.0.2.2. Matuƙar sun bayyana, sai a tura ping, wato saƙon gwajin hanya, zuwa 8.8.8.8, sannan a sake turawa da sunan wani shafi. Idan lambar ta amsa amma sunan ya ƙi, hanyar lafiya take, DNS ne ya kasa mayar da suna zuwa lamba, kuma hakan yakan faru bayan an kunna VPN a babbar kwamfutar.

Tsarin Bridged ne ya fi wahalar da mutane, domin a nan baƙuwar tana neman adireshinta ne kai tsaye daga rawuta, kamar kowace na'ura a gidan. Idan an zaɓi katin Ethernet alhali da Wi-Fi ake aiki, babu mai amsa mata, sai Windows ya ba kansa adireshin da ya fara da 169.254, wanda alama ce ta cewa DHCP, wato tsarin da ke raba wa na'urori adireshi, bai amsa ba. Ko da an zaɓi katin daidai, Wi-Fi ɗin otal ko makaranta mai neman a shiga da suna yakan ƙi na'ura ta biyu, shi ya sa na fi son NAT ga mai yawo da kwamfuta.

Akwai kuma matsalar da ke ɓata lokaci sosai: idan an kwafi baƙuwar ba tare da sabunta adireshin MAC ba, wato lambar shaidar katin sadarwa, kwafin da asalin za su riƙa rigima a kan adireshi ɗaya idan suna kan sadarwa ɗaya, sadarwar tana zuwa tana yankewa. A Ubuntu Server sai an sabunta /etc/machine-id ma, domin daga gare shi ake samar da shaidar da DHCP ke gane na'ura da ita.

Wanda kuwa yake son shiga baƙuwar ta SSH, wato hanyar sarrafa kwamfuta daga wata kwamfutar da umarni, alhali tana kan NAT, sai ya karkatar da tashar 2222 ta babbar kwamfutar zuwa tashar 22 ta baƙuwar, ko ya ƙara kati na biyu a tsarin Host-only, wanda ke haɗa baƙuwar da babbar kwamfutar ba tare da intanet ba, inda adireshin yakan fara da 192.168.56.