Kalma Biyu da Na Tsallake a Takardar Shinkafa

Shekarar da aka naɗa ni sakataren ƙungiyar manoman shinkafa ta garinmu, ba don na fi kowa gona aka zaɓe ni ba. Ni ke koyar da Turanci a firamare, kuma a ƙauye irin namu da ke gefen Auyo, duk takardar da ta zo da rubutun boko, daga ta asibiti har sammacin kotu, ƙofar gidana take fara biyowa. Na saba da haka har na soma jin kaina.

Wani kamfanin sarrafa shinkafa ne ya aiko wakilinsa da takardar yarjejeniya. Za su ba mu iri da taki bashi a farkon noman rani, in an girbe mu sayar musu da shanshera, a cire bashin, kowa a ba shi ragowar kuɗinsa. Aka taru a ƙofar gidan Mai Unguwa bayan la'asar, aka baza tabarmi, na miƙe ina karantawa ina fassarawa. Da na iso layin farashi, sai na ga an rubuta kamfani zai saya a kan kuɗi kaza, sai waƙafi, sannan aka ɗora: "subject to moisture content not exceeding 14%". Ba wai idona bai gani ba. Na ma karanta shi da Turanci da ƙarfi, don a ji na iya. Amma da na juyo Hausa, abin da na ce shi ne, "Za su saya a kan kaza, kuma a kan busasshiyar shinkafa ake magana."

Kowa ya gyaɗa kai. Wa zai kai wa mutum ɗanyar shinkafa?

Sarkin Noma kaɗai ya ɗago. Tsoho ne da ya fara noman rani tun ana ban ruwa da jigo, kafin injin ya shigo. Ya ce, "Malam, takardar nan babu 'amma' a cikinta?" Na ce, "Babu, Baba." Ya ce to, ya miƙo babban yatsa aka shafa masa tawada, ya dangwala. Sauran suka bi.

Ni kalmar "subject" na san ta ne a wuri uku: darasin da ke kan jadawalin aji, da mai aikata aiki a nahawu, da kan maganar wasiƙa. Saboda haka da na ga an liƙa mata "to", sai ƙwaƙwalwata ta ba ni "game da". Na ɗauka ana bayyana irin kayan da ake ciniki a kai ne kawai.

Shinkafar rani tana nuna ne daidai lokacin da hadari ya fara haɗuwa. Muka yanke, muka buge a jikin durom, mata suka sheƙe, aka shanya kwana biyu a kan tamfal. Mu gwajinmu na gado shi ne a ɗauki ƙwaya a ciza, in ta ce ƙas, ta bushe. Ranar awo sai ga wakilin kamfani ya sauko daga mota da wata 'yar na'ura da ba ta wuce girman rediyon hannu ba. Ya ɗebi shanshera daga tsakiyar buhun farko, ya zuba, ya murɗa, lambar danshi ta fito: kashi 18. Na biyu 19. A buhuna ashirin na farko, uku kacal suka sauko 14. Ya ce ko dai a koma a sake shanya, ko a karɓi farashin da ya gaza wanda muka sani. Hayaniya ta kaure. Shi kuwa bai ko ɗaga murya ba, ya zaro takarda ya ɗora yatsa a kan layin nan da ya ce kada danshi ya wuce kashi 14, ya ce, "Ai an karanta muku."

Ban taɓa jin nauyin idon mutane irin na ranar ba. Babu wanda ya zage ni, kuma da zagin aka yi da ya fi mini sauƙi. Masu buƙatar kuɗi a ranar suka sallama a farashin ƙasa. Waɗanda suka koma shanya kuma, ruwan farko ya riski wasunsu da dare kafin su kwashe.

Da farko kamfanin na ɗora wa laifi, na yi ta cewa sun ɓoye ƙugiya a cikin Turanci. Sai da na je Dutse wajen wani ɗan garinmu lauya, wanda ya girme ni, ya karanta takardar ya yi murmushi. Ya ce, "Ƙanena, babu abin da suka ɓoye. Kai ne ka tsallake tukunya ka yaba murfi." Ya ɗauki biro ya yi mini lissafi a bayan ambulan: shanshera mai nauyin kilo 100 da danshinta ya kai kashi 20, in ta bushe ta sauko 14, kilo 93 za ta koma. Kilo bakwai ɗin nan ruwa ne, kuma babu mai son sayen ruwa da kuɗin shinkafa. Ga shi in aka jibge ta da danshi a sito sai ta yi zafi, ta yi fumfuna, launinta ya sauya. Sharaɗin nasu yana da dalili. Abin da ya rasa dalili shi ne fassarata.

A wajensa na koyi cewa "subject to" igiya ce da ake ɗaure alkawari da ita a jikin wani turke. Duk abin da aka faɗa kafinta yana tsaye ne da ƙafar abin da ya biyo bayanta. Hausarta ita ce "bisa sharaɗin", ko "matuƙar", ko "sai idan". In aka rubuta za a ba ka taki "subject to availability", ana nufin in akwai, in babu kuma ba ka da ta cewa. In aka ce an ɗauke ka aiki "subject to approval", to kada ka yanka rago tukuna, sai na sama ya sa hannu. Ya ja kunnena kuma cewa suna ne ke bin ta, ba aikatau tsirara ba, shi ya sa ake cewa "subject to approval" ba "subject to approve" ba. Wannan ya yi mini amfani a aji daga baya.

Tana da wata fuskar kuma, wadda ta fi cizo. In ka ga "prices are subject to change", a nan ba sharaɗi ake gindaya maka ba, gargaɗi ne: farashin na iya sauyawa ko yaushe. Kalmomin su ne dai, amma wannan karon ma'anar ita ce abu yana ƙarƙashin ikon wani abu, yana iya faɗa masa. Da "is" ko "are" da ke gabanta, da kuma irin sunan da ya biyo baya, su ke nuna maka wace fuskar ce. Sannan in sashe na uku na yarjejeniya ya buɗe da "subject to clause 7", to sashe na bakwai ne babba, in sun yi karo shi ke kayar da na ukun. Kishiyarta ita ce "notwithstanding", wadda ke cewa nawa ne zai tsaya ko da wancan ya ce wani abu daban.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne da ya janyo Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamnanta a matsayin amana. Sashenta na ɗaya da waɗannan kalmomi ya fara: "Subject to the provisions of this Act". Ashe gonakin da muke takawa kullum ma, dokar da ke kansu da kalma biyun da na raina ta buɗe baki.

Na dawo gida ina ta tunanin yadda mu muke namu cinikin. Ba mu rasa sharaɗi ba. Mai ba da jinginar gona yakan ce, "Duk ranar da na kawo kuɗinka ka tashi, amma bayan ka girbe." Mai sayen sa yakan ba da kafin alƙalami ya ce, "In na dawo na tarar yana ɗingishi, babu ciniki." Bambancin shi ne mu a gaban shaidu ake faɗa, da murya, har a maimaita, dillali ya ce, "Kun dai ji ko?" Takardar Turanci kuwa ba ta ɗaga murya. Girman haruffan sharaɗin ɗaya ne da na gaisuwa. Da na ba Liman labari, ya tuna mini hadisin da ke cewa Musulmi suna kan sharuɗɗansu, ya kuma ce ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma a cikinta an umarci marubuci ya rubuta da adalci. Ya dube ni ya ce, "Mai fassara ma ai marubuci ne, Malam." Na ce, "Haka ne, Allah gafarta Malam," na sunkuyar da kai.

Na so ajiye sakatarancin, aka hana. Da shekara ta zagayo wani kamfanin ya zo da tasa takardar, sai na roƙi a bar mini ita kwana uku. Na bi ta da jan biro, na zagaye "subject to" guda biyar. A taro na faɗi kowanne da Hausa sau biyu. Muka tara kuɗi ƙungiya ta sayi tata na'urar auna danshi. Muka kuma nemi a ƙara layi ɗaya daga wajenmu: mun yarda mu sayar, "subject to" a yi awon a gaban mai kaya da na'ura biyu, tasu da tamu, kuma a biya cikin mako guda. Wakilin ya yi waya, ya dawo ya ce sun amince da awon, biyan kuɗi dai sai mako biyu.

Sarkin Noma ya riƙe yatsansa a cikin riga har na gama. Ya ce, "Malam, 'amma' nawa ka samu?"

Na ce, "Biyar nasu, ɗaya namu, Baba."

Ya ce, "Sake karanto mini namun."