Asabar: Duna da layin gawayi

Ƙarfe 4:30 na asuba Duna ya tashe ni. Ba irin kukan daren farko ba ne, na kwikwiyon da aka raba da uwa, wanda ya hana maƙwabta runtsawa. Wannan gajere ne, yana yi yana karce ƙofar keji. Na yafa bargo na ɗauki tocila, na sunkuce shi ban tsaya yi masa wasa ba, na kai shi ƙuryar gida gindin zogale inda muka zuba yashi. Sanyin Samaru a tsakiyar hunturu kuwa ba a magana. Ya sunsuna, ya zagaya, ya tsuguna. Yana gamawa na ce "Madalla!" na miƙa masa guntun busasshiyar hanta. Na mayar da shi, na wanke hannu da sabulu, na yi alwala na wuce masallaci.

Satinsa 9 yanzu. Likitan dabbobin da ya yi masa allurar farko ya ba ni lissafi mai sauƙi: kwikwiyo yana riƙe fitsari kamar awa ɗaya ne ga kowane wata guda da ya yi a duniya. Ke nan da rana duk bayan awa 2 sai an fitar da shi, ban da lokuta uku da ba a jira: yana tashi daga barci, yana gama cin abinci, yana gama wasa. Ita kuma hantar, a wurin ake ba shi, kafin ya ɗaga ƙafa daga yashin. In ka bari sai kun dawo bakin baranda, shi a ganinsa ladan dawowa baranda ka ba shi.

Da na dawo daga masallaci na shiga gaida Inna. Ta amsa, ta ce, "Na ji ka da ɗan naka tun da duhu." Ba ta kiran sunansa, kamar yadda ba ta kiran nawa.

Inna ba ta so zuwan karen nan ba, kuma tana da hujja. Ta ce mala'ikun rahama ba sa shiga gidan da ke da kare. Ni kuma tawa hujjar awaki biyu ne da aka haura katanga aka ɗauke a damina, da kajin da kullum lissafinsu ke raguwa. Gidanmu ne na ƙarshe a layin, bayanmu sai gonaki. Sai da muka kai maganar gaban liman. Ya ce hadisi ya yi rangwame a kan karen farauta, da na kiwo, da na gona, kuma mu da dabbobi a gida muna cikin rangwamen. Ya ce a wurin Malikiyya jikin kare mai rai ba najasa ba ne, amma fitsarinsa da kashinsa najasa ne, kuma in ya sa baki a ƙwaryar ruwa a wanke ta sau 7. Har ya ba mu labarin Shehu Ibn Abi Zaid na Ƙairawani, mai Risalar da muka karanta a zaure: katangar gidansa ta faɗi ya ajiye kare, da aka tuna masa cewa Imamu Malik ya karhanta, ya ce da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. Inna ta ce, "Shi Shehu ne. Kai fa?" Amma dai ta yarda, da sharaɗi: ba ya shiga ɗaki, ba ya taka tabarma, ba ya leƙa madafa, kwanonsa daban. Duk horon da nake yi a kan sharaɗin nan yake tafiya. In Duna bai san iyakarsa ba, ba zai shekara a gidan nan ba.

Bayan karin kumallo muka yi darasin "zauna". Minti 5 kacal, don in ya wuce haka hankalinsa ya koma kan ƙudaje. Ina riƙe hantar tsakanin yatsu biyu daidai hancinsa, in ɗaga ta a hankali ta saman kansa zuwa baya. Hanci ya bi sama, gindi ya sauka ƙasa da kansa, ba sai an danna shi ba. Daidai lokacin da gindin ke taɓa ƙasa nake cewa "zauna", in saki hantar. Yau har ya zauna da hannu wayam, ba komai a ciki, sai daga baya na zaro ladan daga aljihu.

Wahalar tana wurin yara. Auta in ta fara, "Zauna, zauna, Duna zauna, ka zauna mana," sai ka ce roƙo take. Yayanta kuma ya kalli bidiyo a YouTube ya zo yana ba shi umarni da Turanci. Kwikwiyo ya tsaya tsakaninsu yana karkata kai. Na samo kwali na rubuta kalmomi huɗu na manna a bangon baranda: zo, zauna, bari, waje. Kowace a faɗe ta sau ɗaya. Wanda ya ƙara ta biyar, shi zai kwashe kashin yamma. Nan da nan aka samu haɗin kai.

Wajen ƙarfe 11 aka yi ɓarna. Ina gyaran akurki, ɗan ƙanena da ke hutu a wurinmu ya ga Duna ya farka ya buɗe masa keji su yi wasa. Bai kai shi yashi ba. Ko minti 2 ba a yi ba ya tsula fitsari a baranda, taku uku daga tabarmar da Inna ke lazimi a kai. Na fito na tarar yaron ya cafki wuyansa zai goga masa hanci a ciki, silifas a ɗaya hannun.

Na ce, "Sake shi."

Ya ce, "Baba, haka ake yi, in ba haka ba ba zai gane ba."

Haka kowa ke cewa, kuma ban yarda ba. Kwikwiyon da aka doka bayan ya gama, ba ya haɗa dukan da wurin da ya yi fitsarin. Abin da yake ɗauka shi ne yin fitsari a gaban mutum haɗari ne, sai ya koma laɓewa bayan randa ko ƙarƙashin benci, kuma ranar da ka kai shi yashi ka tsaya a kansa, ya ƙi yi don kana wurin. In ka kama shi yana cikin yi, ka tafa hannu sau ɗaya, ka ɗauke shi ka ƙarasa da shi wurinsa. In ya riga ya gama, bokiti ne ya rage. Na sa yaron ya kwarara ruwa, ya dirje da omo, ya sake ɗaurayewa har sau biyu, domin in warin ya saura hancin kare zai dawo da shi wurin gobe. Inna ba ta ce uffan ba. Ta naɗe tabarmarta ta shige ɗaki, wanda ya fi faɗa ciwo.

Shi ya sa da azahar na ɗauko gawayi na ja layi a ƙasa, daga ƙofar Inna har bakin madafa. Layin don mu ne, mu san inda za mu tsayar da shi kullum ba tare da yau nan gobe can ba. Na sa masa igiya muna yawo a tsakar gida. Duk sa'ad da ya nufi layin sai in tsaya cak in ce "waje". Ba na fizgar igiya, ba na kuma sakinta. Da ya ja baya ko taku ɗaya ne, hanta. Da farko ya yi ta ja yana shaƙe kansa, ƙamshin miyar kuka na kiransa daga madafa. Can sai ga shi ya iso layin, ya ɗaga ƙafar gaba ta dama, ta tsaya a sama ba ta sauka ba, kunne ɗaya a miƙe ɗaya a karye, ya waigo ya dube ni. Ban ce komai ba. Ya mayar da ƙafar baya ya zauna. Na juye masa duk abin da ya rage a aljihuna. Maiɗakina da ke tankaɗe a bakin madafa ta ce, "Oh, ashe yana da kunya." Na san gobe zai manta rabi, haka abin yake, sai an yi ta maimaitawa makonni.

Da la'asar muka yi baƙi biyu a zaure, kowa da fatawarsa. Na farko mai gadin ginin da ake yi a layinmu. Ya ce in ina son kare mai zafi, in ɗaure shi da sarƙa a ɗaki mai duhu, kada ya ga kowa sai mai ba shi abinci, in riƙa barbaɗa masa barkono a tuwo. Ya ce haka ake yi a gidajen masu kuɗi. Na biyun dattijon maƙwabcinmu ne, tsohon mafarauci, wanda ya yi kiwon karnuka tun ban san kaina ba. Ya saurara har ƙarshe, sa'an nan ya ɗaga Duna ya duba tafin ƙafarsa, ya buɗe bakinsa, ya ce zai yi girma. Ya juya ga mai gadin ya ce, "Yaro, wanda kake faɗa mahaukaci ne, ba mai gadi ba. Ranar da ya tsinke sarƙa, ɗan maigidan zai fara kamawa." Ya ce su a daji, karen da ya bi zomo aka yi masa fito bai juyo ba, ba a sake fita da shi. Kira shi ne farko.

A nan na bi Baba mafarauci ɗari bisa ɗari. Ƙofar gidan nan daga safe zuwa dare ba ta rabuwa da mutane: almajirai, ɗan garuwa, mai tallar nono, yaran maƙwabta masu biyo ƙwallo. Kare mai cizon duk wanda ya gani, ƙara ce a wurin mai unguwa ko a ofishin 'yan sanda. Abin da nake so shi ne wanda ya san mutanen rana, ya yi haushi a kan mai haurowa da dare, in na kira shi kuma ya dawo. Haushin ba sai an koya masa ba, zai zo da kansa in ya tasa. Sabo da mutane ne ke da ƙayyadadden lokaci, domin daga wata 3 zuwa 4 kwikwiyo ke fara tsarguwa da duk abin da bai saba gani ba. Don haka da ɗan garuwa ya turo kurarsa na roƙe shi ya tsuguna ya miƙa masa hanta. Ya yi dariya ya ce bai taɓa ba kare toshi ba. Duna ya ja da baya saboda ƙarar jarkoki, ya dawo, ya karɓa.

Inda muka saɓa da Baba shi ne allura. Ya ce shi bai taɓa kai kare asibiti ba. Na ce, "Baba, a gafarce ni, wannan kam zan kai." Ciwon haukan kare in alamunsa suka bayyana a jikin mutum, da wuya a tashi. Allurarsa ana yi wa kare yana wata 3, a riƙa sabuntawa duk shekara, kuma a nan ƙasar ma ana haɗa ta, a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom kusa da Jos. Na faɗa wa yara a gabansa: duk wanda kare ya ciza, namu ko na waje, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti a ranar. Akwai kuma cutar nan mai sa 'yan kwikwiyo amai da zawon jini, wadda ake kwasowa daga ƙasar da wasu karnuka suka ɓata. Saboda ita Duna ba ya taka waje sai ya kammala allurai. A hannu nake fita da shi ƙofar gida ya ji ƙarar babur da Keke Napep. Baba ya girgiza kai ya ce karen bana sai mutanen bana.

Darasin "zo" mun yi shi kafin magariba, ni a wannan kusurwa, yaron da ya so dukansa da safe a waccan, muna kiransa bi da bi. Doka ɗaya na kafa: ba a kiransa don a yi masa faɗa ko a kulle shi. In za a sa shi a keji, a je a ɗauko shi. Ana cikin haka ya hango 'yan tsaki ya zabura. Na ce "bari", ko a jikinsa. Uwar kajin ce ta ƙarasa mini darasin: ta baza fukafukai ta sakar masa sara a hanci, ya dawo da gudu ya shige tsakanin ƙafafuna. Duk da haka ba zan sake shi kusa da akurki ba igiya ba, don kare in ya ɗanɗana kaza sau ɗaya, raba shi da ita aiki ne.

Cizo har yanzu da sauransa. Haƙoran nan kamar allura suke, kuma sai wajen wata 4 zai fara famfara. Ya kama zanen Auta ta ƙwalla ihu tana gudu, shi kuwa gudun ne ya fi so. Na nuna mata ta tsaya cak ta naɗe hannu, wasa ya mutu, sa'an nan a miƙa masa tsumman da na ƙulle masa. Tsohon takalmi kam na hana a ba shi, tunda bai san bambancin tsoho da sabo ba. Wannan dokar ta zo a makare ga silifas ɗin Inna, wanda muka tsinto a bayan turmi ba maɗauri.

Abincin dare tun kafin kiran salla ya ci: tuwo da aka jiƙa da romon da maiɗakina ke ɗebar masa kafin ta zuba kayan miya, da dafaffen ƙwai. Albasa da tafarnuwa suna lalata wa kare jini, shi ya sa ba a juye masa ragowar kwano, ba a kuma ba shi dafaffen ƙashin kaza don yana tsagewa ya soki hanji. Bayan minti 15 na ɗauke kwanon, ko ya cinye ko bai cinye ba. Cin da ke da lokaci shi ke sa kashi ya yi lokaci. Na duba cikin kunnuwansa da tsakanin yatsu na cire kaska ɗaya. Mai gadin ya ce in fesa masa fiya-fiya. Allah ya kiyaye, wannan ai kisa ne.

Bayan isha'i ina baranda na ji muryar Inna daga ɗaki, a taƙaice, "Waje." Na leƙa. Duna na zaune daidai bayan layin gawayi, ita ko kallonsa ba ta yi. Ba hanta, ba madalla. Ta ce, "Yaushe ne allurar tasa ta biyu?" Na ce sati mai zuwa. Ta ce kada in kuskura in tsallake, akwai yara a gida.

Litinin in na shiga kasuwar Sabon Gari: hanta rabin kilo, doguwar igiya, in biya wurin likita in tambayi maganin kaska da ya dace da shekarunsa, in ga kafinta a kan keji mafi girma. Sai silifas ɗin Inna. Ta ce shuɗi take so, kuma ba irin mai arahar nan ba.